Sanyin Da Ke Ciyar Da Kano

A makon ƙarshe kafin hutun Kirsimeti mun ba 'yan aji ɗaya takarda da fensir mai launi, muka ce kowa ya zana katin gaisuwa da zai kai wa iyayensa. Da muka tattara katunan muka baje su a kan tebur a ɗakin malamai, sai muka ga abin mamaki. Mafi yawansu sun zana gida mai tsinin rufi, farin abu ya lulluɓe shi, ga itatuwa tsirara ba ganye, ga wani mutum da aka mulmula da ƙanƙara yana tsaye a ƙofar gida. Washegari muka tambaye su, wa ya taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa? Babu ko ɗaya. A ranar nan kuwa hazo ya sauka har mutum yana Ƙofar Mazugal ba ya iya hango kan Dutsen Dala sosai, leɓunan yaran duk sun tsage, amma babu wanda ya zana hazo.

Wannan bai dame mu ƙwarai ba, gama kati kati ne, yaro kuma abin da ya gani a kanti shi yake kwaikwayo. Abin da ya dame mu shi ne amsar da muka samu a jarrabawar darasin noma. Tambayar ita ce: me ke faruwa da lambu a lokacin sanyi? Yara da yawa suka rubuta cewa tsiro yana mutuwa, ƙasa tana hutawa, manomi kuma yana zama a gida. Waɗannan yara su ne suka ci kwaɗon lansir da latas a makon nan, su ne suke tauna karas a bakin ƙofar makaranta. Ashe sun haddace lokacin sanyin wata ƙasa, namu kuwa da suke rawar ɗari a cikinsa ba su san aikinsa ba. Laifin ba nasu ba ne. Mu muka koya musu daga littattafai da hotuna da aka yi domin yaran wasu wurare, ba mu fitar da su waje mun nuna musu ƙasar da suke takawa ba.

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, hunturu shi ne babban lokacin lambu a ƙasar Kano, kuma makarantar da ba ta koya wa ɗalibanta wannan da fartanya a hannu ba ta bar wani babban gurbi a iliminsu. Muna faɗin haka yanzu domin ana shawara a kan filin lambunmu na bayan ɗakin kwana, ko a bar shi ko a daɓe shi da siminti.

Abin da ƙanƙara ke yi wa lambun Turawa

Bari mu fara da ba wa yaran gaskiyarsu. Abin da suka rubuta daidai ne idan ana maganar Ingila ko Kanada ko Rasha. A can idan sanyi ya kai ruwa ya daskare, ruwan da ke cikin ganye da kara shi ma yana daskarewa, ya kumbura, ya fasa ƙwayoyin jikin tsiron. Tumatir da wake da kabewa sukan yi baƙi su kwanta a dare ɗaya. Ga kuma ƙarancin rana. A birnin Landan, a ƙarshen watan Disamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta ba ya cika awa 8, alhali mu a Kano muna samun fiye da awa 11 a ranar nan. Ko babu ƙanƙara, tsiro ba zai yi girman kirki da wannan ɗan haske ba.

Dusar ƙanƙara ita kanta tana da fuska biyu. Idan ta sauka a hankali ta rufe ƙasa, tana zama kamar bargo, domin akwai iska da yawa a tsakanin ƙwayoyinta. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta yin sanyin da iskar sama ke yi. Shi ya sa manoman Yukren da Rasha, waɗanda ke shuka alkama tun kafin sanyi, suke murna da ita, suna tsoron shekarar da sanyi zai yi tsanani ba tare da ita ba, gama a irin wannan shekara saiwar alkama ke ƙonewa. Idan kuma ta narke sai ta jiƙa ƙasa sannu a hankali. A ƙiyasi, dusar da ta kai tsawon santimita 10 takan ba da ruwa kamar santimita 1. Sanyin yana kashe ƙwari da yawa, wasu itatuwa kuma, kamar tuffa, ba sa yin fure mai kyau sai sun sha sanyi na makonni. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba ma ganin gonar tuffa a Kano.

Amma idan ta yi yawa ɓarna ce. Nauyinta yana karya rassa, yana rushe ɗakunan gilashi da ake renon tsiro a ciki. A Ingila ta fara sauka washegarin Kirsimeti na 1962, a wurare da yawa ba ta narke ba sai farkon Maris na 1963. Kayan lambu suka daskare a cikin ƙasa ba a iya tone su, tumaki suka mutu a makiyaya, har teku ta daskare a wasu gaɓoɓi. A Fabrairun 2021 irin wannan sanyi ya sauka a jihar Tekzas ta Amurka, inda ba a saba da shi ba, ya lalata gonakin lemo da na ganye. Ko a nahiyarmu ana ganinta jefi-jefi. Ta rufe rairayin Ain Sefra a Aljeriya a 1979, ta sake a 2016 da 2018, hotunan suka zagaya duniya.

Saboda haka mai lambu a Turai yana da gaskiya idan ya rataye kayan aikinsa a Disamba ya zauna kusa da murhu yana lissafin irin da zai saya. Mu ne ba mu da gaskiya idan muka ari hutunsa.

Namu sanyin

Namu sanyin iska ce ke kawo shi. Daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, busasshiyar iska tana tasowa daga arewa maso gabas, daga Sahara. Da yake babu gajimare ko laima da za su riƙe zafin rana, ƙasa tana sakin zafinta da dare, da asuba sai ma'auni ya sauko wajen digiri 12, wasu ranaku ƙasa da haka, da rana kuma ya hau zuwa wajen 30. Tsofaffinmu suna kiran wannan busasshen sanyi ɗari, sun bambanta shi da sanyin damina mai laima.

Kada a ce bai isa a kira shi sanyi ba. Baturen nan ɗan Sikotland, Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano ranar 20 ga Janairu 1824 a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta cewa a kan hanyarsa daga Borno, a ƙarshen Disamba, sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙoransu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a ƙasar Katagum kafin su iso.

Ita kuwa ƙurar da ke zuwa da iskar, yawancinta daga wani kwari take da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Wurin a dā can gindin wani babban tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda gawarwakin ƙananan halittun ruwa suka tara. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai mu gan shi a kan tagoginmu. Ƙurar tana ɗauke da sinadaran da tsiro ke ci, irin su fosforas da fotashiyam da kalsiyam. A 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta cewa ƙurar Sahara kimanin tan miliyan 27 ke ƙetare Tekun Atalantika ta sauka a dajin Amazon kowace shekara, da fosforas wajen tan 22,000 a cikinta. Idan dajin da ke wata nahiya yana cin moriyar wannan ƙura, ina ga gonakin Kano da ke kan hanyarta? Abin da muke sharewa daga kan tebur muna tsaki, wani ɗan taki ne da ke sauka a gonaki kyauta kowace shekara.

Me sanyin ke yi wa lambu?

Duk wanda ya taɓa gwada tumatir da damina ya san wahalarsa. Laima tana kawo cututtukan ganye, 'ya'yan suna ruɓewa tun suna kan uwa. Wanda ya gwada shi da bazara kuma ya ga yadda fure ke kakkaɓewa, domin idan dare ya yi zafi furen tumatir ba ya ɗaukar ɗa. Hunturu ya raba shi da matsalolin nan biyu: iska a bushe, dare da sanyi, rana kuma da haske. Haka latas da kabeji. A zafi latas yana saurin fitar da kara ya yi ɗaci, kabeji kuma ya ƙi dunƙulewa. Karas yana ƙara zaƙi, gama da sanyin dare tsiro ba ya ƙona sukarin da ya tara da rana. Albasa da tafarnuwa da lansir duk 'yan wannan lokaci ne. Je ka kasuwar 'Yan Kaba ko Kwanar Gafan a watan Fabrairu ka ga kwanduna, sa'an nan ka koma a watan Yuni ka tambayi kuɗin tumatir. Kowace uwa a cikin masu karanta wannan mujalla ta san bambancin ba sai an faɗa mata ba.

Alkama ita ce babbar shaida. Gurasar da ake gasawa a unguwar Jakara, da alkaki da finkaso da taliyar da ake murzawa a gidajen birni, duk sun nuna Kanawa sun daɗe da sanin alkama, alkama kuwa ba ta yi a nan sai da sanyi. Ana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski alkamarsa tana cikin zuba ido, sai ƙwayar ta motse. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, shi ya buɗe dubban kadada a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman alkama da tumatir da albasa a watannin da littafin Turai ke cewa ƙasa tana barci. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, idon ƙasar nan duka ya juyo kan irin waɗannan filaye, kafin daga baya a janye dokar.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan sanyi ya wuce. A 2016, da zafi ya shigo, wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa cikin 'yan makonni. Kuɗin tumatir ya ninka sau da yawa har Legas, kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar nan ya tsaya don rashin abin niƙawa. Wannan tsutsa zafi ne ke hanzarta haihuwarta. Wanda ya yi dashe da wuri ya kwashe amfaninsa cikin sanyi ya fi samun sauƙi.

Ba za mu ɓoye ɓarnar hunturu ba. Iskarsa tana shanye ruwan ƙasa da sauri, fangalin da aka shayar da safe kan bushe kafin la'asar. Tana yayyaga ganyen ayaba da gwanda, tana ƙona bakin ganyen ƙananan dashe. Ƙura tana kwanciya a kan ganye ta rage masa haske, idan hazo ya yi kwanaki sai girman tsiro ya ja baya. Kuɓewa da masara ba sa son sanyin, irinsu yana daɗewa bai tsiro ba. Darɓa tana yawa a kan kabeji. Ga gobara, wadda kan cinye shinge da tarin kara cikin ƙiftawar ido. Amma masu lambun gargajiya sun daɗe da maganin yawancin waɗannan. Suna kafa dangar karan dawa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Suna yin fangali mai zurfi maimakon kunya mai tudu, domin ruwa ya kwanta iska kuma ta wuce ta sama. Suna rufe wurin reno da ciyawa har iri ya fito. Suna ban ruwa da sassafe ko da yamma. Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ke cikin littafin da muke koyarwa da shi, amma duk ilimi ne, kuma a kan wannan ƙasa aka gwada shi.

Ko itatuwanmu suna koya mana cewa lissafin wurinmu daban ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Mangwaro kuma cikin hazon nan yake fure.

Lambunan cikin ganuwa

Waɗanda suka gina ganuwar Kano sun san darajar wannan lokaci. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da kuma bayansa. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun haɗa da gonaki da fadama da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin ko abokan gaba sun yi wa birni zobe, mutane su sami abin ci. Clapperton ya ƙiyasta cewa gidaje ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya zo a Fabrairun 1851, shi ma ya tarar da filaye masu faɗi a cikin birni, da Jakara kwance a tsakiya kusa da Kasuwar Kurmi.

Ruwan lambunan nan daga wurare uku yake: rafin Jakara, rijiyoyi marasa zurfi, da kududdufai. Kududdufi rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Da damina yana karɓar ruwan unguwa ya hana shi shiga gidaje, da rani kuma yana tsatsafa shi cikin ƙasa ya riƙe rijiyoyi. A bakinsa ake kafa jigo, a ɗebo ruwa da guga a zuba a kwari ya bi fangali-fangali. Taki kuwa ba a saya daga kamfani. Toka da kashin awaki da sharar gida ake tarawa, jakuna su shigo birni da itace, su fita da mangala cike da taki. Birni yana ciyar da ƙasa, ƙasa tana ciyar da birni.

A yau wanda ya shiga ta Ƙofar Kabuga ko Ƙofar Waika ko Ƙofar Ruwa zai sha wahala kafin ya ga abin da Clapperton ya gani. Jama'a sun ƙaru, filayen sun zama gidaje da shaguna, ita ganuwar ma an ci ta a wurare da yawa. An cike kududdufai da shara an yi gini a kansu. Tun a ƙarshen shekarun 1990 malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu daga Ingila suka bi masu lambu a Ƙofar Ruwa da bakin Jakara da Getsi, suka rubuta cewa babban abin da ke damunsu shi ne rashin tabbas a kan filin, yau kana ban ruwa, gobe a zo da awo. Suka kuma auna ruwan, suka tarar da ƙazantar gari a Jakara, da dafin ƙarafa daga masana'antun fata da na yadi na Bompai a Getsi. A wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin daɓe hanyar Jakara da kankare da shimfiɗa titi a kanta. Mazauna wurin da suka daɗe suna fama da wari da sauro suna da dalilin maraba da aikin. Duk da haka, yaron da aka haifa a Kurmi yau zai iya girma bai san akwai rafi a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Ba muna cewa a rushe gidaje a koma zamanin Dabo ba. Mutane dole su sami wurin kwana. Abin da muke cewa shi ne, kowane ɗan fili da ya rage wanda ruwa ke iya shiga ƙasa a cikinsa ya zama abu mai tsada, kuma idan aka zuba masa siminti ba ya dawowa. Duk watan Agusta muna ganin sakamakon a unguwanni, ruwan da kududdufi ke shanyewa a dā yanzu ɗakunan mutane yake shiga.

Filin bayan ɗakin kwana

Wannan ya dawo da mu gida. Filin lambunmu bai fi rabin filin ƙwallo ba. Tsofaffin ɗalibai da ke cikin iyaye a yau za su tuna lokacin da kowane aji ke da nasa fangali, musamman bayan 1976 da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa ta ce kowace makaranta ta yi noma. Yanzu rabinsa ciyawa ce da ledoji. Masu son a daɓe shi mutanen kirki ne, dalilansu kuma ba na wasa ba ne, don haka ya kamata mu amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce muna bukatar wurin ajiye motoci a ranakun taro da ziyarar iyaye. Gaskiya ne, amma ranakun nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba a shekara, filin ƙwallo kuma yana ɗaukar motocin kamar yadda ya saba.

Sun ce ruwa yana da tsada, hunturu kuwa ba ya jin ƙai. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi. Amma mu duba ruwan da ke malala daga wurin wanke hannu da gindin famfo da wurin ɗauraye kwanoni kowace rana. Idan aka bi da shi ta ramin yashi da tsakuwa, zai shayar da zogale da gwanda da itatuwan shinge. Ganyen da ake ci ɗanye, irin latas da lansir, a ba shi ruwan rijiya mai tsabta. Da rufin ciyawa da danga, bukatar ruwan za ta ragu ƙwarai. Yaron da ya koyi bambanta ruwan da ya dace da ganye da wanda bai dace ba, shi ne gobe zai tambayi inda latas ɗin kasuwa ya sha ruwa, ya kuma wanke shi yadda ya kamata.

Sun ce lokacin yara na jarrabawa ne. Mu ma malamai ne, mun san nauyin WAEC da NECO. Amma darasin noma da na halittu da na labarin ƙasa duk suna tambaya a kan ƙasa da tsiro da yanayi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya rataye ma'aunin zafi a lambu ya rubuta abin da ya nuna kowace asuba daga Nuwamba zuwa Maris, ba zai ƙara rubuta mana cewa ƙasar Kano tana barci da sanyi ba. Idan aka adana littafin nan shekara da shekaru, zai amsa wata tambaya da tsofaffi ke yi, wai ɗarin yanzu bai kai na dā ba. Masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi, 2024 ma ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. Idan kwanakin sanyinmu suka ragu, alkama da tumatir ne za su fara ji, kuma yaranmu ne za su rayu da abin da ya biyo baya.

Akwai dalili na huɗu da ba a faɗa a taro, amma muna jin sa a bakin yara: noma aikin wanda bai yi karatu ba ne. A nan dole mu malamai mu sunkuyar da kai. Shekara nawa muka yi muna cewa wanda ya makara ko ya yi surutu ya je ya yi noma a lambu? Mu muka mai da fartanya bulala. Ba mamaki yaro ya gama makaranta yana ƙin ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun tanƙwara shi ta inda bai kamata ba.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon hukumar makaranta da kwamitin iyaye su ba filin nan shekara biyu kafin su yanke hukunci. A cikin shekarun nan a raba shi ga azuzuwa, a fara reno a watan Oktoba, a yi dashe a Nuwamba, a kafa danga kafin iska ta taso. A daina tura kowa lambu don horo. Abin da aka samu a kai rabi ɗakin girki, rabi a sayar wa iyaye ranar ziyara, kuɗin ya koma sayen iri da gyaran guga. Da yake hutun Kirsimeti yana faɗowa a tsakiyar aikin, muna roƙon iyalan ma'aikata da ke zaune a harabar makaranta da matasan ikilisiya da ke kusa su karɓi ban ruwa na makonnin nan, a ba su rabonsu.

Muna kuma so sau ɗaya a shekara, a watan Janairu, a kai manyan azuzuwa cikin birni. Su hau Dala su duba inda gonaki suke a dā, su sauko su bi hanyar Jakara, sa'an nan su fita bayan gari wurin masu lambu. A gayyato ɗaya daga cikin dattawan nan ya zo ya tsaya a gaban aji. Ba shi da takardar shaida, amma ya san ranar da ake dasa albasa da yadda ake gane tsiron da ƙishi ya kama tun kafin ya yanƙwane. Yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne da muke cin guminsu kullum ba mu san fuskarsu ba, zuwan nasu kuwa zai koya wa yara girmama na gaba da zaman lafiya da maƙwabci fiye da dogon jawabi.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu fita bana, ba sai kuna da fili ba. Tsohon bokiti ko buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki ya isa tushen tumatir biyu a tsakar gida. Ku gwada wannan hunturu mai zuwa. Ku sa shi inda katanga za ta tare masa iska, ku ɗauraye masa ƙura daga ganye lokaci-lokaci, ku ga abin da zai ba ku kafin Ista.

Katunan nan na 'yan aji ɗaya mun mayar musu sun kai gida, iyaye kuma sun yi murna da su. Baɗi za mu sake ba su takarda da fensir, amma kafin nan za mu fita da su bayan ɗakin kwana da sassafe, kowa da rigar sanyinsa, su ga latas da raɓa a kansa da jar rana tana leƙowa ta cikin hazo, sa'an nan kowa ya zana abin da ya ga dama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hunturu mai albarka, ya kuma ba shugabanninmu hikima a kan wannan ɗan fili.